Tsohuwar Jitar Bes: A Kankare Fentin, a Rufe Shi, ko a Bar Shi Yadda Yake?

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa tsohuwar jitar bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, a kan tebur ya zuba mata ido ya san irin tunanin da ke zuwa. Gefen sama, inda hannun dama ke gogawa, ya koɗe. Bayanta, kan bel ya zane shi kamar inda kaza ta yi tono. Can ƙasa, wajen da ta taɓa faɗuwa, fenti ya ɓalle har katako ya leƙo. Nan take zuciya za ta ce maka ka kankare shi kakaf, ka fito da katakon, ka yi mata sabuwar riga. Ni ma na taɓa bin wannan zuciyar ban tsaya tambayar komai ba, kuma aikin da na yi wa lissafin kwana biyu sai da ya ci mini wata biyu. A cikin wata biyun nan na gane cewa abu biyu ne ke zaɓar maka hanya tun kafin ka buɗe baki: irin fentin da ke jikin jitar, da irin katakon da ke kwance a ƙarƙashinsa. Wanda ya san waɗannan biyun, rabin shawarar ta riga ta yanke kanta.

Sanin fentin ba shi da wuya. Kwance murfin robar da ke fuskar jitar, ko ka cire wuyan idan na sukuru ne, ka nemi wurin da ido ba ya gani. Jiƙa 'yar auduga da asiton ko tina mai ƙarfi, ka ɗora a wurin kamar rabin minti, sannan ka goga. Idan wurin ya yi laushi, ya yi danƙo, launi ya biyo audugar, to fentin naitiro ne, wato naitiroselulos. Idan ka goga ka goga audugar ta fito fara tas, fentin kuma ko gezau, to foli ne, ko dai foliyuretan ko foliyesta. Ido ma yakan taimaka. Naitiro idan ya tsufa yakan yi rawaya-rawaya, ya yi tsage-tsage sirara kamar gashi, ya koɗe a hankali inda ake taɓawa. Foli ba ya koɗewa haka. Idan ya bugu sai ya fashe ya ɓalle kamar tangaran, kuma a bakin ɓallewar za ka ga kaurinsa, wanda a wasu jitoci ya kusa milimita guda.

Shekarar da aka ƙera jitar ma shaida ce. Kamfanin Fender ya fito da bes ɗinsa na Precision a 1951, ya biyo da Jazz a 1960, kuma a wancan zamani naitiro ake fesa musu. Launukansu na musamman ma daga fentin motoci na kamfanin DuPont aka ɗauko su. Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, kuma wajen 1968 aka fara komawa foli, domin ya fi saurin bushewa ya kuma fi jure wahala. Gibson shi ya ci gaba da naitiro. Amma yawancin bes masu sauƙin kuɗi da aka yi daga shekarun 1970 zuwa yau, foli ne a jikinsu.

Kafin a ɗauko sanfefa

Akwai jitar da bai kamata a taɓa ta ba sam. Idan abin da ke hannunka Fender ce ko Gibson ko Rickenbacker ta shekarun 1950 ko 1960, da fentinta na asali, to wannan koɗewar da ke ba ka haushi ita masu tara tsofaffin jitoci ke nema da kuɗinsu. Lissafin da dillalai suka saba yi shi ne, sake fenti yakan zaftare kusan rabin darajar irin wannan jita, komai kyan aikin. Fenti na asali sau ɗaya ake cire shi, ba ya dawowa. A nan shawarata ɗaya ce: a bar kaza cikin gashinta. Goge ta da tsumma mai laushi, inda katako ya fito fili ka ɗiga masa ɗan laka na naitiro, wato fentin sheƙi marar launi, don kada gumi ya shiga, shi ke nan. Idan ma kana shakkar ko tsohuwar taka tana cikin wannan sahu, duba lambar da ke kanta da tambarin da ke cikin ramin wuya, ka nuna wa wanda ya san kan abin kafin ka yi komai.

Idan kuwa jita ce ta aiki, wadda darajarta a hannunka take ba a kasuwa ba, ko wadda wani ya riga ya shafe ta da fentin ƙofa da burushi, to hanya a buɗe take. Sai dai tambayar da ke biye ita mutane suka fi tsallakewa: launi mai rufewa kake so, ko kana son a ga zanen katako?

Wannan tambayar ce ke raba aikin sati guda da aikin wata biyu. Idan baƙi kake so, ko fari, ko ja, ko wani launi da ke rufe komai, kuma fentin da ke kai foli ne mai lafiya, babu dalilin da zai sa ka cire shi. Masana'anta ta riga ta yi maka mafi wahalar aikin: ta toshe ƙofofin katako, ta daidaita fuskar ta yi sumul, ta rufe ta da abin da ba ya motsi. Abin da ya rage maka shi ne ka wanke jikin da nafta, wani ruwan sinadari dangin fetur, don cire maiƙo da ragowar folish, ka cike wuraren da suka ɓalle da foti irin na masu gyaran jikin mota, ka bi ko'ina da sanfefa mai lamba 320 har sheƙin ya mutu, ka fesa faramiya, wato shafin farko da fenti ke kamawa, sannan launi. Wankin nan kada ka raina shi. Yawancin folish na kayan ɗaki yana da silikon, kuma ko ɗigo ɗaya ya rage, sabon fenti zai guje wa wurin ya bar 'yan ramuka zagayayyu kamar idon kifi.

Abin da kawai za ka rasa a wannan hanya shi ne jikin zai ƙara ɗan kauri, don haka sai ka liƙe ramin wuya da tef kada fenti ya taru a ciki. Ni dai a ganina, cikin mutum goma da ke shirin kankare bes mai foli, mafi yawansu wannan hanyar ce ta dace da su, ba su dai san da ita ba ne.

Wanda ke son ganin katako shi ne dole ya kankare. Shi ma ya kamata ya san cewa caca yake yi. Masana'anta ba ta zuba kyakkyawan katako a ƙarƙashin baƙin fenti. Jikin da aka haɗa da gunduwa biyu masu zane iri ɗaya, shi ake warewa don launin da ake hango katako ta cikinsa. Mai gunduwa huɗu ko biyar, mai kulli, mai tabo, mai foti, shi ake turawa layin launi mai rufewa. Wasu masu arhar ma falwud ne, wato katako mai hawa-hawa da aka manne. Wasu kuma an lulluɓe fuska da baya da siririn ɓawon katako mai kyau wanda kaurinsa bai kai milimita ba. Kafin ka fara, leƙa cikin ramin wuya da ramin wayoyi da tocila. A nan ne ake ganin gefen katakon tsirara: idan ka ga layi-layi a jere kamar shafukan littafi, falwud ne, kuma babu man da zai mayar da shi abin kallo.

Hanyoyin kankara uku

A ce ka duba, ka gamsu, ka yanke shawarar cirewa. Da farko kwance komai. Sassauta tsirkiyoyi ka cire, ka kwance wuya, jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kai), fikof-fikof (masu ɗaukar sautin tsirkiya) da maɓallan sauti. Ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa su, ka zuba sukurorin kowane ɓangare a 'yar leda daban ka rubuta sunansa. Akwai wata siririyar waya da ke fitowa ta ƙarƙashin jaki, ita ce wayar ƙasa, mai hana ƙugi. Lura da ramin da ta bi, domin idan ka manta da ita wajen haɗawa, jitar za ta riƙa ƙugi a lasifika.

Hanya ta farko ita ce maganin cire fenti. A kan naitiro babu abin da ya kama ƙafarsa. Ko asiton ko tina kaɗai da tsumma sun isa su narkar da shi, ya taho kamar ana wanke shi, katakon kuma ya fito yadda aka sassaƙa shi, ko gefe ɗaya bai canja ba. A kan foli labarin daban ne. Foliyuretan yakan ɗan saurari magani mai ƙarfi bayan an shafa sau da yawa, amma foliyesta sai ka shafa, ka rufe da leda, ka kwana, ka dawo ka tarar da shi yana sheƙi kamar ba a yi komai ba. Maganin da ya fi cin fenti a da shi ne mai sinadarin metilin kilorayid, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'a a 2019 saboda mutanen da suka mutu da shaƙarsa a rufaffen wuri, Tarayyar Turai kuma ta riga ta taƙaita shi tun kafin nan. Idan ka ci karo da shi, ka bar shi inda ka gan shi. Waɗanda suka maye gurbinsa sun fi sauƙin haɗari, sun kuma fi sanyin aiki. Ko wanne ka ɗauka, a sarari za ka yi, da safar hannu mai jure sinadari da tabarau. Sannan ka kiyaye duk wata roba da ke jikin jitar, musamman farin zaren da ke kewaye gefen wasu jitoci da 'yan ɗige-ɗigen da ke kan wuya, domin asiton yana narkar da su kamar yadda yake narkar da fentin.

Hanya ta biyu ita ce injin hura zafi da abin kankara, kuma ita ce maganin foli mai kauri. Idan ka kama hannunta, abin har daɗi gare shi: ka hura wa wuri kamar faɗin tafin hannu, kana kaɗa injin ba ka tsayawa, sai ka ji fentin ya fara ƙara ƙas-ƙas, ka zura bakin ƙarfen a kwance, ya ɗago ɓawo guda. Amma a nan ne na yi ɓarnar da har yau nake jin ciwonta. Na kai cikin lanƙwasar ƙahon jitar, inda ƙarfe ba ya shiga da kyau, fentin ya ƙi tashi, sai na tsayar da injin a wuri ɗaya na ƙara masa wuta. Ban ƙirga biyar ba na ji ƙauri. Da na ɗaga, ga baƙin tabo kamar girman babban yatsa, ya nutse cikin katakon. Na goge, na goge, har lanƙwasar ta fara canja siffa, tabon bai gama fita ba. Jitar da na so a ga katakonta, dole ta koma launi mai duhu a gefe don a ɓoye wurin. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Waɗannan injina suna iya kai maki 500 zuwa sama a ma'aunin Salsiyos, don haka a ƙaramin zafi ake farawa. Ban da ƙuna, zafi yana sassauta gam ɗin da ya haɗa gunduwoyin jiki, yana kuma ɗaga siririn ɓawon nan da na ambata. Ka dasashe kusurwoyin ƙarfen kankarar da sanfefa kada su yi wa katako rami. Hayaƙin foli mai zafi guba ne, takunkumi mai matatar sinadari ake sawa, ba na tsumma ba. Kuma kada ka kuskura ka kai zafi kusa da naitiro. Danginsa ɗaya da tsohon fim ɗin silima da ke kama wuta da kansa, tartsatsi kaɗan yake jira.

Hanya ta uku ita ce sanfefa zalla. Kowa ita yake fara tunani, kuma ita ce ta fi cin lokaci, ta fi ƙura, ta fi saurin ɓata siffa. Injin gogewa a kan shimfiɗaɗɗiyar fuska yana aiki, amma da ya zo gefe sai ya cinye kusurwa, jiki ya fito wani gefen a zagaye wani a kaifafe. Idan akwai siririn ɓawo, kafin ka ankara ka huda shi. Ni ba na ɗaukar sanfefa a matsayin hanyar cire fenti, ina ɗaukar ta a matsayin abin da ke biyo bayan magani ko zafi.

Domin ko ka ga launi ya tafi, tsugune ba ta ƙare ba. A ƙarƙashin launin akwai wani farin shafi mai tauri da masana'anta ke fara sawa don toshe katako, kuma ido yakan ɗauke shi katako ne. Idan ka bar shi a wasu wurare, rini ko mai ba zai shiga nan ba, jikin ya fito dabbare-dabbare. Gwajinsa shi ne ka shafa jiƙaƙƙen tsumma: inda katako ya fito da gaske zai sha ruwa ya yi duhu, inda shafin ya rage zai zauna fari. Bi shi da lamba 120 a naɗe a kan ɗan katako mai faɗi, sannan 180, sannan 220, kullum kana bin tsawon zanen katakon, ba ka gicciye shi ba. Lanƙwasa kuma ka naɗe sanfefar a guntun bututu. Ramin wuya kada sanfefa ta shiga cikinsa ko kaɗan, domin ɗan abin da ka rage a nan zai canja yadda wuyan ke zama, tsirkiyoyi su tashi ko su kwanta.

Sabuwar rigar

Yanzu katako ya fito, sai a duba wane iri ne. Alda, meful da baswud ƙofofinsu a matse suke, ana iya wucewa kai tsaye. Ash da mahogani kuwa ƙofofinsu a buɗe suke. Idan kana son sheƙi irin na madubi sai ka fara cike su da fila na katako, sau biyu ma, in ba haka ba laka zai yi ta nutsewa cikinsu yana barin 'yan ramuka komai yawan fesawarka.

Mai shi ne hanyar wanda ba shi da wurin feshi. Ana amfani da man tung, ko gaurayen mai da banish, ko Tru-Oil, wanda asalinsa don katakon bindiga aka yi shi amma masu jita suka karɓe shi hannu bibbiyu. Tsumma kawai kake buƙata. Ka shafa siriri, ka goge ragowar, ka bari ya bushe, gobe ka sake. Bayan shafi uku ko huɗu ka bi shi a hankali da sanfefa mai laushi sosai. Tru-Oil idan ya kai shafi goma zuwa sama yakan fara sheƙi, man tung kuma yakan tsaya a dishi-dishi mai kyau. A hannu babu abin da ya kai shi daɗi, musamman a bayan wuya, inda babban yatsa ke zamewa ba ya kamawa ko da gumi. Ba hanyar masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ba ce, domin kamfanin Warwick na Jamus ya yi suna da bes masu mai da kakin zuma. Idan ya karce, ka goge wurin ka sake shafawa, magana ta ƙare.

Rauninsa biyu ne. Ba ya kare katako daga bugu, musamman mai laushi irin baswud, wanda ko farce yana yi masa alama. Sannan ba ya ɓoye komai. Duk wani karce da ka bari, duk wani tabon ƙuna, mai zai ƙara fito da shi. Akwai kuma haɗarin da mutane ba sa ɗauka da muhimmanci: tsumman da ya sha man da ke bushewa, idan aka dunƙule shi aka jefa a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta shi kaɗai. Baza shi a waje ya bushe, ko ka nutsa shi a ruwa.

Naitiro shi ne zaɓin wanda ke son kamannin jitocin da. Kyansa a wajen mai koyo shi ne kowane sabon shafi yana narkewa cikin na ƙasansa su zama abu ɗaya, don haka kuskure yana gyaruwa. Idan ya zuba ya yi hawaye, ka bari ya bushe, ka goge, ka sake fesawa, ba za a ga wurin ba. Ana samunsa a gwangwanin feshi. Ka ɗaura jikin a kan sanda ta ramukan sukurorin wuya don ka samu mariƙi, ka riƙe gwangwanin kamar santimita 20 zuwa 25 daga jikin, ka fara feshin kafin ka iso katako ka sake shi bayan ka wuce, kowane layi yana hawa rabin na baya. Shafi uku a yini ya isa. Bayan launi, farin laka yakan kai shafi tara zuwa goma sha biyu.

Abin da naitiro ke karɓa a hannunka shi ne haƙuri. Bayan shafin ƙarshe sai ka rataye shi sati uku zuwa huɗu kafin ka taɓa. A waje zai yi kamar ya bushe tun rana ta biyu, amma ciki tina na nan yana fita a hankali. Kai hancinka kusa: muddin kana jin wari, bai gama ba. Wanda ya yi gaggawar gogewa zai ga sheƙi yau, bayan wata guda ya ga fentin ya shige ya bar zanen katako a fili. Ba ya son danshi; idan ka fesa a ranar da iska ta jiƙe sai ya yi fari-fari kamar hazo. Ba ya shiri da robar wasu matsayan jita, tana narkar da shi inda suka haɗu. Kuma ba a fesa shi a kan fentin mai ko man da aka shafa, zai yamutse shi. A kan busasshen foli da aka goge ne yake zama lafiya. Tururinsa yana kama wuta, yana kuma cutar da huhu, don haka sarari da takunkumi mai matata wajibi ne.

Foliyuretan mai haɗi biyu, irin na masu fentin mota, shi ne mafi tauri. Cikin kwana ɗaya zuwa kaɗan ya ƙame, ba ya rawaya da sauri, gumi da bugu ba sa damunsa. Ga wanda ke yawon wasa da jitarsa, yau a wannan dandali gobe a wancan, babu kamarsa. Akwai shi a gwangwani mai maɓalli a gindi wanda ake fasawa a haɗa sinadaran biyu, bayan nan kuma kwana biyu kacal gare ka kafin ya daskare a ciki. Amma ba na ba kowa shawarar ya fesa shi a gida. Abin da ke ƙamar da shi yana ɗauke da aisosayanet, sinadarin da aka sani da jawo ciwon asma ga masu fentin mota, kuma kariyar da ta dace da shi ita ce takunkumin da ake turo wa iska daga waje. Idan wannan rigar kake so, ka yi duk shirin katakon da kanka, ka kai wa mai ɗakin feshi ya fesa. Gyaransa ma da wuya, domin sabon shafi ba ya narkewa cikin tsoho, bakin facin yakan nuna.

Tsakanin waɗannan akwai laka mai ruwa, wanda warinsa kaɗan ne kuma ba ya kama wuta, sai dai yana tayar da gashin katako a shafin farko, a kan baƙi kuma wani lokaci yakan yi ɗan shuɗi-shuɗi. Shalak kuma, wani shafin katako da ake narkarwa da barasa, a matsayin rigar waje bai dace da bes ba don barasa da zafi suna ɓata shi, amma wanda aka cire wa kaki yana da amfani babba a matsayin shafin tsakani: yana kama kusan komai, kusan komai kuma yana kama shi.

Za ka ji ana cewa siririn naitiro yana barin katako ya yi numfashi, sauti ya buɗe, foli kuma yana shaƙe shi. A jita mai rami, wadda fuskarta ce ke kaɗawa ta fitar da sauti, kaurin fenti yana da tasiri. A bes na lantarki mai dunƙulallen jiki kuwa, abin da ke kai wa lasifika motsin tsirkiya ne a kan maganaɗisun fikof. Sabbin tsirkiyoyi, ko ɗaga fikof da milimita ɗaya, za su canja sautin fiye da duk fentin da za ka cire. Idan don sauti kake shirin wannan wahala, ka fara da waɗancan.

Wuya kuwa, sau da yawa ba ya buƙatar komai. Idan bayansa na kama hannu, ka bi shi da sanfefa mai lamba 800 ko 1000 har sheƙin ya kwanta. Wasu suna amfani da soson ƙarfe mai laushi, amma ɓurɓushinsa yana manne wa maganaɗisun fikof, sai an cire wuyan ko an rufe su da tef. Fuskar kan jitar, inda sunan kamfani da lambarta suke, a bar ta yadda take ko da an sake komai.

To, ga yadda nake yanke tawa shawarar idan aka ajiye mini bes a gaba. Mai daraja da fentin asali, tsumma kawai. Mai foli da ake son sabon launi mai rufewa, a goge a fesa a kai, da naitiro idan a gida ne, da mai haɗi biyu idan akwai ɗakin feshi. Mai naitiro da ya riga ya lalace ko aka taɓa shafe shi, magani ya wanke shi, a mayar masa da naitiro. Mai foli da aka leƙa aka ga katakon kirki a ƙasa, zafi a hankali, sanfefa da hannu, sannan mai. Idan kuma ka kankare ka tarar da abin da ba ka so, ba asara ba ce gaba ɗaya: fila, faramiya, launi mai rufewa, ka koma hanyar rufewa, sai dai ka biya ta da satuttukan da ka kashe.

Ga masu laka, matakin ƙarshe shi ne gugar ruwa: lamba 800, 1000, 1500, 2000, da ɗan ruwa mai ɗigon sabulu, sannan man gogewa har sheƙi ya fito. A gefe da kusurwa ka sassauta hannu, nan ne lakan ya fi siriri, nan ne ake hudawa a ga launi a jikin sanfefa. Ka toshe ramukan sukuru da ɗan kaki kafin ka fara, domin ruwa idan ya shiga yakan kumbura katakon ya tsaga sabon fentin a kewayen ramin. Wajen haɗawa kuma, ka share bakin kowane rami da hannu da ɗan bakin ƙarfen huji kafin ka ɗaura sukuru, ka mayar da siririyar wayar nan ƙarƙashin jaki ta taɓa ƙarfensa sosai, sannan ka ɗaura wuya ka sa tsirkiya.